Gasar Tara Kuɗin Agaji a Jami'o'i: Makarantar da Ba Ta Cikin Manhaja

Gabatarwa

A kowace shekara jami'o'i da kwalejojin ilmi suna yaye dubban matasa, kowa riƙe da takardar shaidarsa, kowa kuma da zaton cewa takardar nan ita ce mabuɗin ƙofar ofis. Sai ranar ganawar ɗaukar aiki ake gane cewa duk waɗanda suke zaune a kan benci suna jiran kira, irin takarda ɗaya suke ɗauke da ita. A nan ne mai ɗaukar aiki yakan ture takardar gefe guda, ya yi tambayar da ba a koyar da amsarta a aji: wane abu ka taɓa shiryawa da kanka, da su wa ka yi shi, nawa aka damƙa a hannunka, kuma yaya ka yi a lokacin da abin ya nemi ya lalace? Ɗalibin da bai taɓa yin komai ba sai halartar lacca da rubuta jarrabawa, yakan yi shiru ko ya shiga kame-kame.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗaliban Birtaniya suka daɗe suna bi don samun amsar wannan tambaya ita ce shiga gasar tara kuɗi domin ƙungiyoyin agaji. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne cewa irin wannan gasa tana horar da ɗalibi horo na haƙiƙa, amma bisa sharaɗi: sai an yi ta da tsari, da lissafi, da bayar da bahasi. Idan aka zare waɗannan, abin da ya rage wasa ne kawai, wani lokaci ma ɓarna ce.

Asalin al'adar

Tun ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ɗaliban jami'o'in Birtaniya suke da al'adar keɓe rana ko mako guda da suke kira Rag, inda sukan yi shigar ban dariya, su fita jerin gwano cikin gari, suna tsokanar masu wucewa har sai sun jefa wani abu a gwangwani. Kalmar a Ingilishi tana ɗauke da ma'anar tsokana, tana kuma nufin tsumma. Daga baya ne aka ɗora mata wata fassara, aka mai da haruffanta uku su tsaya a madadin jimlar da ke nufin a tara a bayar.

Akwai dalilin da ya sa al'adar ta yi ƙarfi a wancan zamani. Kafin a kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, asibitoci da yawa a ƙasar da gudummawar jama'a suke rayuwa, saboda haka kuɗin da ɗalibai suka tara a titi yakan tafi kai tsaye ga asibitin garin, wanda galibi a cikinsa ɗaliban likitanci suke koyon aiki. Da gwamnati ta karɓi nauyin asibitoci, sai ɗaliban suka karkata ga wasu buƙatu, kamar binciken cutar daji, da taimakon marasa matsuguni, da kula da yara masu naƙasa. Al'adar ta bi sawun mulkin Ingila zuwa ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Nijeriya, kuma za a dawo kan yadda ta kasance a Nijeriya nan gaba.

Yadda ake gasar

Tushen abin mai sauƙi ne. Ɗalibi yakan ɗaukar wa kansa wani aiki mai wuya, ya sanar da 'yan'uwa da abokai da kamfanoni, su kuma su yi alkawarin ba da wani abu ga ƙungiyar agajin da ya zaɓa saboda wahalar da zai sha. Akwai masu shiga tseren fanfalaki na Landan, wanda aka fara a 1981. Akwai masu hawan duwatsu uku mafiya tsawo a Sukotlan da Ingila da Wels, wato Ben Nevis mai mita 1,345, da Scafell Pike mai mita 978, da Snowdon mai mita 1,085, duka cikin awa 24, har da tafiyar mota daga wannan dutse zuwa wancan. Masu ƙarfin aljihu kuwa sukan nufi Tanzaniya su hau Kilimanjaro mai mita 5,895.

Wadda ta fi jan hankali ita ce gasar da suke kira Jailbreak, wato tserewa daga kurkuku, wadda ake yi a jami'o'i kamar Kambirij da Warik. Akan raba ɗalibai biyu-biyu ko uku-uku, a ba su awa 36 su yi nisa da jami'ar iyakar iyawarsu, ba tare da sun kashe ko sisin kwabo daga aljihunsu a kan abin hawa ba. Dole su shawo kan direba ya rage musu hanya, ko su lallashi wani kamfani ya biya musu kuɗin jirgi. An sha samun waɗanda kafin lokacin ya cika sun tsallaka wata nahiyar.

A Amurka ma akwai makamancin haka. Ɗaliban Jami'ar Jihar Fensilbaniya suna da taron da suka fara a 1973, wanda ake kira THON, inda zaɓaɓɓun ɗalibai suke kwashe awa 46 a tsaye, babu zama babu barci, domin tallafa wa yara masu cutar daji da iyalansu. A 2024 sun tara fiye da dala miliyan 16. Abin lura shi ne cewa awa 46 ɗin nan ƙarshen aiki ne kawai. Ainihin tara kuɗin watanni ake yi ana yinsa, kuma ɗalibai ne suke riƙe da kwamitocin kuɗi da tsaro da abinci da yaɗa labarai.

Abin da ɗalibi yake koya

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka cewa darasin yana cikin gumin hawan dutse. Haƙiƙa juriya abu ne mai kyau, amma ita ce mafi ƙanƙantar ribar. Dutse kwana ɗaya ko mako guda ake hawansa, shiri kuwa wata shida yake ci, kuma a cikin shirin nan ne karatun yake. Masu iya magana kan ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko da ɗalibi yake cin karo da shi shi ne buɗe baki ya nemi abu a wurin wanda bai sani ba. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Dole ya iya bayyana buƙatar cikin 'yan kalmomi kafin mai sauraro ya gaji, ya san cewa yadda zai yi wa manajan banki magana dabam ne da yadda zai yi wa mai shago, ya rubuta wasiƙar da za a karanta har ƙarshe. Sannan dole ya saba da jin kalmar "a'a". Mutum goma za su ƙi kafin ɗaya ya amsa, kuma wanda ya koyi karɓar ƙi ba tare da fushi ko karaya ba, ya sami abin da zai yi masa amfani ranar da zai rubuta takardun neman aiki da yawa a amsa masa ɗaya. Babu wani kwas a jami'a da yake koyar da wannan, domin a aji malami ne yake tambaya, ɗalibi kuma ya san cewa akwai amsa daidai da ake jira.

Na biyu shi ne riƙon kuɗin da ba naka ba, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin shi ne zuciyar al'amarin. A Ingila ba a fita titi da gwangwani haka kawai. Sai an nemi lasisi daga hukumar gari, bisa wata doka da ta samo asali tun 1916. Gwangwanin a rufe yake ruf kamar asusu, da lamba a jikinsa, ba mai karɓar kuɗin ne yake buɗe shi shi kaɗai ba, kuma bayan an gama sai an miƙa wa hukuma rahoton abin da aka tara da abin da aka kashe cikin ƙayyadajjen lokaci. Bugu da ƙari, akwai tsarin da aka shigo da shi a 1990 mai suna Gift Aid, wanda yake ba ƙungiyar agaji damar karɓo kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, muddin ya cika takardar amincewa. Ɗalibin da ya yi sakaci da takardar nan ya jawo wa ƙungiyar asarar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ba shi. Tun daga 2016 kuma akwai hukuma ta musamman mai sa ido kan yadda ake neman gudummawa, wadda aka kafa bayan ƙorafe-ƙorafen jama'a game da takura wa tsofaffi da wasiƙu da kiran waya. Ko da aka koma tara kuɗi ta intanet, ta shafuka irin su JustGiving, ƙa'idar ba ta sauya ba: kowane kwabo yana da sawu.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ɗan shekara ashirin yana yin kasafi, yana ajiye rasit, yana daidaita abin da ke littafi da abin da ke banki, yana kuma tsayawa gaban masu binciken kuɗi. Wannan aikin ofis ne sosai, sai dai babu albashi. Kuma akwai wani darasi da yake ɓoye a ciki, wato bambanci tsakanin abin da aka tara da abin da ya rage. Alal misali, a ɗauka cewa ɗalibai sun shirya liyafa sun sayar da tikiti na fam 2,000, amma hayar zaure da abinci da makaɗa sun cinye fam 1,700. Taron ya yi armashi, hotuna sun yi kyau, marasa lafiya kuwa fam 300 suka samu. Wanda ya taɓa faɗawa wannan rami sau ɗaya, ba zai sake sa hannu a kan wani shiri ba sai ya ga lissafinsa.

Na uku shi ne jagorancin mutanen da ba a biyansu. Shugaban ma'aikata yana da albashi da takardar gargaɗi a hannunsa. Shugaban 'yan sa-kai ba shi da ko ɗaya. Idan ya yi wa mutum tsawa, gobe ba zai gan shi ba. Dole ya koyi rabon aiki daidai da halin kowa, da yabo a bainar jama'a, da gyara a keɓe, da haƙuri da wanda ya yi alkawari ya ɓace ana saura kwana biyu. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya san aikin gayya ya san cewa samari ba sa fitowa gonar mutumin da ba ya zuwa gayyar kowa, kuma mai gayya da bai tanadi fura da tuwo ba, shi kaɗai zai ƙarasa kunyarsa.

Sauran abubuwan, kamar tsara lokaci tsakanin karatu da aikin ƙungiya, da auna haɗari kafin a tura mutane kan dutse, da amfani da kwamfuta wajen talla, suna zuwa ne a kan hanya.

Hujja daga ilmin koyarwa

Ɗalibi mai koyon aikin malanta ba zai rasa sanin John Dewey ba. A littafinsa na 1938 a kan gogewa da ilmi, ya nuna cewa ilmi na gaskiya daga abin da mutum ya yi ya ɗanɗana yake fitowa, amma ya yi gargaɗin cewa ba kowace gogewa ce take ilmantarwa ba, akwai ma wadda take koya wa mutum mugun abu. David Kolb a 1984 ya tsara abin a matsayin zagaye mai matakai huɗu: mutum ya yi aiki, ya zauna ya yi nazarin abin da ya faru, ya fitar da ƙa'ida, sannan ya gwada ƙa'idar a sabon aiki. Gasar tara kuɗi tana ba da mataki na farko a yalwace. Sauran ukun kuwa sai an nufe su da gangan. Ɗalibin da ya hau dutse ya sauko, bai taɓa zama ya tambayi kansa dalilin da ya sa wasiƙa ta farko ta kasa, ta biyu ta ci ba, ya sha wahala amma bai ƙaru da yawa ba.

Yadda abin yake kaiwa ga aiki

A Birtaniya an daɗe ana kokawa cewa digiri kaɗai ba ya gaya wa mai ɗaukar aiki abin da yake son sani. Rahoton kwamitin Dearing na 1997 ya nemi jami'o'i su fayyace irin ƙwarewar da ɗalibi zai fita da ita, ya kuma ambaci iya sadarwa, da iya lissafi, da amfani da fasahar sadarwa, da sanin yadda ake koyo. Shekara goma bayan haka, rahoton Burgess na 2007 ya ba da shawarar a riƙa ba ɗalibi wata takarda mai faɗi wadda, ban da makinsa, za ta ƙunshi ayyukan da ya yi a wajen aji waɗanda jami'a ta tabbatar. Jami'o'i da dama sun karɓi tsarin, ta yadda shugabancin kwamitin tara kuɗi yana iya shiga takardar hukuma. Da kuɗin makaranta a Ingila ya haura zuwa fam 9,000 a shekara a 2012, sai tambayar me ɗalibi zai samu bayan ya gama ta ƙara zafi.

Har ila yau, salon ganawar ɗaukar aiki ya koma neman misali. Akan ce wa mutum ya ba da labarin lokacin da ya warware saɓani a cikin ƙungiya, ko lokacin da ya kasa cim ma abin da ya sa a gaba. Wanda ya ce shi mai ƙwazo ne kuma yana son aiki da jama'a, ya faɗi abin da kowa yake faɗa. Wanda ya ce ya jagoranci mutum goma sha biyu, an sa musu adadi kaza, kamfanin da ya yi alkawari ya janye ana saura mako uku, ga yadda suka cike giɓin, wannan ya kawo shaida, kuma ana iya bincikawa.

Akwai kuma maganar sanayya. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin guraben aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama fiye da ta hannun aminansa, domin aminai abin da ka sani shi suka sani. Ɗan mai kuɗi yana gadon irin wannan sanayya daga teburin mahaifinsa. Ɗan talaka kuwa sai ya gina tasa, kuma neman gudummawa yana ba shi dalili mai mutunci na shiga ofishin da ba don haka ba maigadi ba zai bar shi ya wuce ƙofa ba.

Inda gizo yake saƙar

Duk da haka, masu sukar wannan al'ada suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. A tafiye-tafiyen ƙetare, wani kaso mai tsoka na kuɗin da aka tara, wanda a wasu tsare-tsaren yakan kusanci rabi, yana tafiya ne ga tikitin jirgi da masauki da kamfanin da ya shirya tafiyar. Tsohuwar da ta ba da fam goma tana zaton ta taimaki mara lafiya, alhali ta biya wa jikan maƙwabcinta wani ɓangare na yawon buɗe ido. Idan ba a gaya mata ba, an yaudare ta, kuma ɗalibin ya koyi cewa ana iya lulluɓe son rai da rigar taimako. Wannan shi ne irin mugun darasin da Dewey ya yi gargaɗi a kai.

Sannan ba kowa ne yake da sukunin shiga ba. Ɗalibin da yake aikin dare don ya biya hayar ɗaki ba shi da wata shida na kyauta, kuma danginsa ba su da abin da za su sa a gwangwani. Idan masu ɗaukar aiki suka riƙa auna yawan kuɗin da mutum ya tara, to arzikin danginsa suke aunawa. Abin da ya cancanci a duba shi ne yadda ya tsara aikin da yadda ya ba da lissafi, ko da abin da ya tara bai taka kara ya karya ba.

Wasu kuma sukan ce taimakon da aka yi don a ƙawata takardar neman aiki ba taimako ba ne. Maganar tana da nauyi ga duk wanda ya taso yana jin cewa sadakar da aka ɓoye ta fi lada. Sai dai niyya a zuci take, babu kwamitin da zai iya auna ta, kuma maraya da aka saya wa katifa zai kwanta a kanta ko da wanda ya tara kuɗin yana da wata manufa a gefe. Iyakar da za a iya shatawa ita ce kada a mai da mabuƙaci kayan talla. Ɗaukar hoton yaro mara lafiya a watsa don a nuna wa duniya kirkin mai bayarwa cin mutunci ne. Ba a banza ba ƙasar Ostireliya a 2018 ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani, bayan an gano cewa a wasu ƙasashe ana raba yara da iyayensu don a cika gidajen da baƙi masu tausayi suke ziyarta suna ba da kuɗi.

Ranar Rag a Nijeriya

Al'adar ta iso manyan makarantun Nijeriya, kuma har yau akan ga ɗalibai a makon ɗalibai sun sa tsummokara, sun shafa wa fuska alli ko gawayi, suna tare motoci a mahaɗar hanya da gwangwani a hannu. A ƙa'ida, kuɗin na gidajen marayu ne da asibitoci da gidajen yari. A aikace kuwa, sau da yawa an ɗauki tsumman an bar tsarin. Gwangwanin madara ne da kowa zai iya buɗewa a lungu, babu lamba, babu rasit, babu wanda ya san adadin da aka fitar balle adadin da ya dawo. Wasu ɗaliban ma a fili suke faɗa cewa ranar ta neman kuɗin abinci ce. Wanda ya yi haka shekara uku ya fita da ƙwarewa, amma ƙwarewar karɓar kuɗi da sunan wani a cinye, kuma ita zai kai duk ofishin da ya sami kansa.

A ƙasar Hausa abin yana da wani nauyi na dabam, domin titunan da ɗaliban suke tsayawa su ne titunan da ake fama da matsalar bara, har ta kai gwamnatin Jihar Kano ta sanar da haramta ta a 2020. Ɗalibin kwaleji da ya yi shigar mabaraci don nishaɗi, a gefen yaron da tsumman nan su ne tufafinsa na kullum, ya kamata ya ji kunya. Saboda haka wasu suke ganin a soke al'adar baki ɗaya. Wannan gaggawa ce. Jama'ar da ta san gayya da adashi da ƙaddamar da gidauniyar gina makaranta ba ta rasa hanyoyin tara kuɗi masu mutunci ba. Ana iya barin tsumma da tare hanya, a riƙe manufar. Tattaki daga kwaleji zuwa wani ƙauye bisa alkawarin gudummawa a kan kowace kilomita, ko wasan ƙwallo tsakanin malamai da ɗalibai, ko daren wasan kwaikwayo da kacici-kacici da ƙungiyar Hausa za ta shirya a sayar da tikiti, duk suna iya yin aikin.

Me ya shafi malamin gobe?

Mai digiri ko babbar difloma yana da shekarar hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, inda ake ƙarfafa masa gwiwa ya nemo gudummawar jama'a ya yi wa garin da aka tura shi wani aiki, kuma an sha ba waɗanda suka sami lambar yabo ta Shugaban Ƙasa aikin gwamnati kai tsaye. Mai takardar NCE kaɗai ba ya zuwa wannan hidima. Idan bai sami irin wannan horo a kwaleji ba, babu inda zai same shi kafin ya tsinci kansa a makarantar da iska ta yaye wa rufi, yara suna zaune a ƙasa, hedimasta kuma ya ce masa shi ne sakataren kwamitin iyaye da malamai. Ran nan zai buƙaci sanin yadda ake rubuta wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai wasiƙa, da yadda ake tunkarar mai unguwa da attajirin gari, da yadda ake karanta lissafi gaban iyayen da suka sha ganin kuɗinsu ya bi ruwa. Koyarwar gwaji tana horar da shi a kan allo da alli, amma ba ta taɓa wannan ɓangaren.

Kwalejin da take son gyara abin ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A zaɓi buƙata ɗaya tak wadda ido zai iya gani, kamar benci arba'in ga wata firamare da ke kusa, a je a tambayi kafinta farashi kafin a sanar da adadin da ake nema. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, ɗalibai biyu da malami ɗaya, malamin kuma ya tsaya a matsayin mai sa ido, kada ya karɓe aikin, domin da zarar ya karɓe, horon ya tashi. Duk wanda ya ba da kuɗi a ba shi rasit mai lamba. Kada a ƙirga kuɗi sai gaban shaidu. Bayan mako biyu a liƙa cikakken lissafi a allon sanarwa, har da abin da aka kashe a kan mota da buga takardu, a kuma aika wa manyan masu gudummawa kofe. Daga nan kowane ɗan kwamiti ya rubuta shafi biyu a kan aikin da aka ba shi, da inda ya yi kuskure, da abin da zai sauya, malami ya karanta ya sa hannu, ofishin kula da harkokin ɗalibai kuma ya ba shi takardar da ta faɗi muƙamin da ya riƙe da adadin da ya bi ta hannunsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon zangon karatu na shekara ta biyu, sa'ad da ɗalibi ya riga ya san gari da mutanensa, jarrabawa ba ta matso ba, kuma bai tafi koyarwar gwaji ba tukuna.